Ranar da Na Ɗauko Mai Feshi

Malamanmu sun sha gaya mana a aji cewa kalma ba ta mutuwa haka kawai, sai abin da take nufi ya riga ta ɓacewa daga idon jama'a. Na rubuta wannan magana a littafina tun ina aji ɗaya, na haddace ta, na kuma kawo ta a jarrabawa aka ba ni maki. Amma ban fahimce ta ba sai a daminar 1922 da ɗari, watau 2022, a bayan gidanmu da ke Kambarawa cikin Katsina, kuma ba malami ne ya fahimtar da ni ba. Wata tsohuwa ce da ba ta taɓa shiga aji ba, da wani bawan Allah mai goyon injin feshi. Labarin abin da ya faru tsakanina da su nake so in ba 'yan'uwana ɗalibai, ko da yake ba labari ne da ya fito da ni da kyau ba.

Kowa ya tuna cewa a wannan shekara malaman jami'o'i sun shiga yajin aiki tun watan Fabrairu, ba su koma ba sai Oktoba. Saboda haka damina ta same ni a gida, ba karatu, ba aikin fari bare na baƙi. Gidanmu kuwa gida ne mai fuska biyu. Daga gaba, yayana da ke aiki Abuja ya rushe tsohon zaure ya yi ginin zamani, ya bar fili tsakanin ƙofa da ɗakin baƙi aka dasa kiri-kiri, aka jera furanni a gefe, kamar yadda ya gani a gidajen can. Daga baya kuma akwai garkar kakarmu, wadda muke kira Iya. 'Yar garka ce da ba ta wuce taku ashirin ba, amma babu abin da babu a cikinta: kuɓewa da yakuwa da barkono a kwamai, zogale a jikin katanga, sa'an nan da tarin wasu ganyaye da ni a lokacin ban san ko shuka su aka yi ko su suka fito da kansu ba.

Ya kamata in tsaya kaɗan a kan wannan fili na gaba, domin baƙo ne a gidan Bahaushe. Tsakar gidanmu ta asali fes take, a daɓe ta, a share safe da yamma, ba a barin ko tsinken ciyawa, domin ciyawa kusa da ɗaki maɓoyar maciji ce da kunama da sauro. Turawa ne suka zo da al'adar shuka ciyawa don kallo, suka yi ta a unguwanninsu na bayan gari da filayen wasanninsu. A ƙasarsu ma sai da wani Baturen Ingila, Edwin Budding, ya ƙera injin aske ciyawa a 1830 kafin abin ya fara sauka daga gidajen masu hali zuwa na sauran jama'a. Abin dariya kuwa, kiri-kirin nan da yayana ya biya kuɗi aka dasa masa, shi ne wanda manomi yake tsine wa in ya shiga gonarsa, don ko an nome shi sai ya sake toho daga gaɓoɓinsa. Tun daga nan ya kamata in gane cewa babu tsiron da aka halitta da sunan haki. Mai wuri ne yake yanke hukuncin abin da zai zauna da abin da zai tafi. Ban gane ba.

Da marka ta kankama a watan Agusta, gida ya rikice. Aya-aya da nonon kurciya da ƙashin yawo suka cinye filin yayana, ƙarangiya ta cika bakin ƙofa, bayan gida kuwa ya zama kurmi. Yaya ya bugo waya ya ce zai zo da baƙi ƙarshen wata, ya aiko da kuɗi a gyara gida. Da ma aikina ne in ɗauki hauya. Na ɗauka kuwa, na yi rabin wuni, tafin hannuna ya yi bororo, bayana ya riƙe, na duba abin da na nome bai fi shimfiɗar tabarma uku ba. Na nemi 'yan ƙwadago, duk suna gonaki wajen maimai, waɗanda na samu kuma suka yanka mini kuɗin da ya fi abin da aka aiko. Gayya kuwa, wadda iyayenmu ke ba da labarin yadda samarin unguwa kan taru da kiɗa su nome gonar mutum a wuni ɗaya, a yau sai dai a takardar jarrabawa. Nan wani abokina ya ce mini, "Kai ɗan boko, wa yake wahalar da kansa yanzu? Ɗauko mai feshi."

Ga wanda bai sani ba, feshi ya zama sana'a mai zaman kanta a ƙasar Hausa. Mutum zai sayi injin goyo mai cin lita 16 ko 20, ya riƙa bin gonaki da lambuna da gidaje da makarantu, ana biyansa a kan kowane goyo. Abin da mutum biyar za su kwana biyu suna nomewa, shi kaɗai zai gama kafin rana ta take. Ba zan yi munafunci in ce wannan ba sauƙi ba ne. Duk wanda ya taɓa duƙawa noman fari da maimai ya san abin da na-duƙe yake ci a jikin mutum, kuma mai raina maganin ciyawa yawanci wanda bai taɓa riƙe hauya ba ne.

Mai feshin da aka kawo mini dattijo ne mai kimanin shekara hamsin, siriri, marar yawan magana. Daga baya na ji cewa manomi ne daga wani ƙauye na yammacin Katsina, rashin zaman lafiya ya raba shi da gonarsa ya shigo birni da iyalinsa, ya kama wannan sana'a. Ya zo da sassafe, da injinsa da gorori biyu na magani da ya auno a kasuwa, babu takarda a jikin ko ɗaya. Iya kuwa ba ta nan, ta tafi suna ƙauye za ta kwana huɗu. Na zaga da shi gaba, ya duba ya ce wannan mai sauƙi ne, akwai maganin da zai kashe masu faɗin ganye ya bar kiri-kiri. Muka zaga baya. Nan ya tsaya ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Malam, har da nan? Na ga kamar akwai na miya a ciki."

Na ce, "Baba, ka bar kwaman kuɓewa da barkono da yakuwa. Sauran duk ciyawa ce."

Ya sake cewa, "Duka?"

Na ce, "Duka."

Wannan kalma guda ita ce dukan laifina, kuma na faɗe ta ina duban waya. Ya lulluɓe kwaman da tsofaffin buhuna, ya haɗa magani daga gora ta biyu, ya fara aiki. Kafin hantsi ya gama, na biya shi, na koma ɗaki ina yaba wa kaina dabara.

A nan zan ɗan yi bayanin abin da na koya daga baya game da waɗannan magunguna, domin rashin saninsa ne ya kai ni ya baro. Maganin ciyawa iri-iri ne. Akwai mai zaɓe, kamar wanda ake kira 2,4-D, wanda aka fara sayarwa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Shi yana hautsina girman tsire-tsire masu faɗin ganye har su murɗe su mutu, amma ya ƙyale dangin ciyawa masu siririn ganye, shi ya sa ake zuba shi a gonar shinkafa da masara da filin kiri-kiri. Sai dai tumatir da kuɓewa da auduga ba su jure ko ɓurɓushinsa in iska ta kwaso. Akwai kuma marar zaɓe, wanda ba ruwansa da kowa. Daga cikinsu akwai farakwat, da aka fara sayarwa a 1962, mai ƙone duk koren da ya taɓa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma ba ya kai wa ga saiwa. Akwai gilaifoset, da ya shigo kasuwa a 1974, wanda ganye ke shanyewa ya gangara da shi har saiwa, ya hana tsiro haɗa abincin gina jikinsa. Shi ba ya nuna aikinsa sai bayan wasu kwanaki, amma in ya kama ya kama ke nan. Irin wannan na ƙarshe ne, bisa ga dukan alamu, aka zuba a garkar Iya.

Shi ya sa da ta dawo ba ta ga kome ba. Sai a kwana na shida ganye ya fara yin rawaya, a na goma garka ta zama kamar an yi gobara. Da safe na ji ta tana salati a bayan gida. Na fito na same ta tsaye, ta riƙe haɓa. Tsakanina da ita akwai wasan jika da kaka, kullum "maigidana" take ce mini, ni kuma in ce na sake ta na auro yarinya. Ran nan ba ta ce maigidana ba. Ta ce, "Kai, zo nan. Mene ne wannan?" Ta nuna wani busasshen kara. Na ce ciyawa ce. Ta ce, "Tafasa ce. Wannan fa?" Na yi shiru. Ta ce, "Lalo ne. Wannan karkashi. Wannan gasaya. Wannan zaƙi-banza. Wancan da ya hau katanga yaɗiya ce. Wancan rai-ɗore ne, shi na dafa maka da ka yi zazzaɓi kana yaro." Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, kamar mai kiran sunayen mamata, har ta kai ga wani ɗan gindin lalle da ta kawo reshensa daga gidan mahaifiyarta ta dasa a bara. Nan ta yi shiru, ta juya ta shiga ɗaki.

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Sai da dare, bayan ta huce, ta kira ni ta ba ni labarin farin 1973, lokacin tana goyon babanmu. Ta ce hatsi ya ƙare a rumbu tun kafin damina ta yi nisa, abin da ya riƙe su shi ne tafasa: a tsinko, a dafa, a matse, a kwaɗa da ɗan ƙuli-ƙuli in an samu, in ba a samu ba a sa gishiri kawai. Ta ce tun daga shekarar nan ta yi alkawari ba za ta sake cire tafasa daga inda take zaune ba. Sa'an nan ta ce mini abin da har gobe yake yi mini yawo a kai: "Hauya tana da ido, domin mai riƙe da ita yana duƙe yana kallon abin da zai sare. Shi wancan abin naku a tsaye ake yin shi." Ta ƙara da tambayar da ta fi kome ciwo, "Ashe ba Hausa aka ce kana karantawa ba?"

Jama'a, ina amsar da zan ba ta? Shekara uku ina nazarin Hausa, na san ɗafi da tsarin sauti da rabe-raben suna, amma tsire-tsire bakwai a bayan ɗakin da aka haife ni, ban iya kiran sunan ko ɗaya ba. Duka na dunƙule su cikin kalma guda, ciyawa, kuma abin da mutum ya dunƙule a baki ba ya jin nauyin dunƙule shi a aiki. Da na koma makaranta na shiga ɗakin karatu na tarar wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya wallafa ƙamus guda na sunayen tsire-tsire na Hausa tun 1916, ƙamus ɗin Bargery na 1934 kuma cike yake da su. Watau baƙo ya zo ya zauna gaban kakanninmu ya rubuta abin da ni jikansu na biya kuɗi aka ƙone. Waɗannan sunaye kuwa ba lakabi ne kawai ba, kowane ɗauke yake da ilmi. Wanda ya raɗa wa nonon kurciya suna ya karya shi ya ga farin ruwan da ke fita. Wanda ya ce ƙashin yawo ya ga yadda ƙayarsa ke maƙale wa tufa da gashin dabba ta yi tafiya. Wanda ya ce zaƙi-banza ya ci ya ji daɗi ba tare da ya shuka ba. In tsiron ya ɓace daga bayan gida, sunan zai bi shi, karin maganar da aka gina a kansa kuma ta zama sai an yi wa yaro fassara.

Bayan kwana biyu na tafi neman mai feshi, a zuciyata ina so in sauke masa wani kaso na laifin. Na same shi a wani lambu yana aiki. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "Malam, ai na tambaye ka sau biyu. Ni na san tafasa, na san lalo, da su aka yaye ni. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In na yi gardama a kowane gida, wa zai sake kirana?" Ban sami abin cewa ba. Ashe ilmin da ya kamata ya ceci garkar Iya yana tsaye a gabana ran nan, goye da inji, ni ne na rufe masa baki domin ni ke riƙe da kuɗi.

Ina tsaye nan kuma na lura da abin da ban kula da shi ba a gidanmu. Silifa ne a ƙafarsa, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, bayan rigarsa sharkaf da abin da ke yoyo daga tanki. Bakin injin ya toshe, na ga ya cire ya kai baki zai busa. Na riƙe hannunsa. Ya yi dariya ya ce kullum haka yake yi. Alhali farakwat, alal misali, guba ce da ba ta da makari. Kurɓi kaɗan yana lalata huhu ya kai mutum kabari. Tarayyar Turai ta daina yarda da shi tun 2007, hukumar NAFDAC ta ƙasarmu kuma ta ba da sanarwar haramta shi daga farkon 2024. Gilaifoset ma, a 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo sankara, ko da yake wasu hukumomin Amurka da Turai ba su yarda da wannan hukunci ba. Ko ma wanne ne daidai, wanda ke jiƙa bayansa da shi kullum shi ne a bakin haɗari, ba ni da na kira shi sau ɗaya a shekara ba. Arahar da na yi murna da ita, wani ne yake cika ragowar kuɗin da lafiyarsa.

To, kada mai karatu ya zaci ƙarshen zancena shi ne a daina ɗauko masu feshi. Ba haka ba ne. Daminar da ta biyo baya, shi ɗin dai muka sake kira. Amma wannan karo Iya ce ta shige gaba da sandarta, shi yana biye, ni ina bayansu da littafi da alƙalami. Suka yi ta musayar sunaye, wani lokaci su yi gardama, domin abin da ake kira da wani suna a ƙauyensu ba shi ake kiransa a birni ba. Aka yanke cewa filin kiri-kiri da bakin ƙofa da bayan katanga ta waje nasa ne; garka kuwa ta hauya ce, hauyar kuma tawa. Daga wannan na tsamo wasu ka'idoji da nake ba duk wanda zai ɗauko mai feshi gidansa ko lambunsa. Ya zaga da shi da ƙafa, tare da wanda ya san abin da ke wurin, kafin a buɗe gora. Ya sayi maganin da kansa, a cikin kwalbarsa ta asali mai takarda da lambar rajista, ya karanta ya san mai zaɓe ne ko marar zaɓe. A yi feshi da sassafe lokacin da iska ke kwance, ba kuma sa'ad da hadari ya haɗu ba. A ɗaure awaki da kaji, a hana yara shiga, kada a yanko wa dabba ciyawar da aka fesa. Kada a wanke inji kusa da rijiya, kada a mai da kwalbar magani gorar ruwa ko ta man gyaɗa. Sa'an nan a sa kuɗin takalmin roba da safar hannu da abin rufe hanci cikin lissafin aiki, domin haƙƙin mai aikin ne.

Allah da ikonsa, tafasa ta dawo. Irinta mai taurin ɓawo ne, yana iya daɗewa cikin ƙasa, kuma wancan magani ganye yake bi, ba ya taɓa irin da bai tsiro ba. Ruwan farko na sauka sai ga ta, da lalo da gasaya da zaƙi-banza. Yaɗiya sai da aka sake nemowa. Lallen kuwa bai dawo ba, gidan da aka samo reshensa ma an sayar an yi shaguna a wurin. Iya ba ta sake yi mini zancensa ba, ta ma koma kirana maigidana, amma har yau ba ta dasa kome a gurbinsa ba, kuma duk lokacin da na duƙa noma a garka sai na zo kan wannan gurbi.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari shi ne, mutum yana iya biyan wani ya ɗauke masa wahalar aiki, amma sanin abin da ke gidansa ba a ba da shi ƙwadago. Littafin nan da na bi su da shi yanzu yana da sunan tsiro arba'in da ɗoriya, kowane da inda yake fitowa da abin da ake yi da shi, duk daga bakin mutum biyu. Ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, in an yi hutun damina, kowa ya ɗauki littafi ya bi kakarsa ko wani tsohon manomi zuwa bayan gida, ya tambayi sunan duk abin da ya taka. Malamanmu kuma, ina ganin ba laifi in an riƙa ba da irin wannan a matsayin aikin gida. Tsofaffin nan ba za su jira mu gama digiri ba. Allah ya ba su tsawon rai, mu kuma ya ba mu kunnen saurare, amin.